Launukan terminal: yadda za su zauna ko an rufe taga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta `color 0A` a cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, rubutu ya koma kore, amma da na rufe na sake buɗewa sai ya dawo fari. Yaya zan yi ya zauna?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Umarnin `color` tagar da ke gabanka kaɗai yake shafa. 0 launin bango ne, baƙi, A kuma koren rubutu, amma ba ya ajiye komai. In kana da Windows Terminal, manhajar da ake buɗe cmd da PowerShell a cikinta, can za ka yi aikin.

A cikin Windows Terminal, danna Ctrl da Shift da waƙafi, fayil ɗin settings.json zai buɗe. Kada ka fara daga sifili. Ctrl da Alt da waƙafi yana buɗe defaults.json, daga nan ka kwafo tsarin launuka mai suna Campbell, ka liƙa shi ƙarƙashin `schemes` a settings.json, ka sauya masa suna, misali "Nawa". Kowane tsari launuka 16 ne, 8 na asali da 8 masu haske, ban da na bango da na rubutu, duk a rubuce da lambobi irin `#0C0C0C`. Tunda kore kake so, ka sauya lambar launin rubutu, wato `foreground`, zuwa ta kore. Sai ka je `defaults` da ke cikin `profiles` ka sa `"colorScheme": "Nawa"`, domin cmd da PowerShell duka su ɗauka.

Abu biyu ke yawan ɓata aikin: mance waƙafi tsakanin tsari da tsari, da sunan da ya saɓa ko da harafi ɗaya. Ka kuma kula da shuɗi. Na Campbell, `#0037DA`, da ƙyar ake karanta shi a kan baƙi, yana gajiyar da ido. Ni dai shawarata ka mai da shi `#3B78FF`.

Da ka gama, ajiye kwafin settings.json a filashi.

Tambaya: Malam, ni Termux, manhajar terminal ta Android, nake amfani da shi a waya. Akwai irin wannan?

Amsa: Akwai. Ƙirƙiri fayil `~/.termux/colors.properties`, ka rubuta `background=#000000` da `foreground=#FFFFFF`, kowanne a layinsa, sannan `color0` zuwa `color15`. Rubuta `termux-reload-settings`, nan take zai sauya. Amma ka sani, in ka goge manhajar, fayil ɗin ma ya tafi. Yi `termux-setup-storage` tun yanzu, ka kwafe shi zuwa `~/storage/downloads`.