Shuɗin da ke jikin farin katako ba ruɓa ba ne

Sani, ka tambaye ni me ya sa katakon da muke ɓallewa daga akwatunan injinan da ake shigowa da su daga Turai yake zuwa da zane shuɗi-shuɗi, kana tsoron ko ruɓa ce. Ba ruɓa ba ce, yarona. Sa farce ka danna wurin. In bai lotsa ba, lafiyarsa ƙalau, zai riƙe ƙusa yadda ya kamata.

Fara duba hatimin da aka ƙona a gefensa. DE Jamus ke nan, CZ kuwa ƙasar Cek. HT na nufin an gasa shi har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, don kashe ƙwari. Da yawan farin katako mara nauyi da ke fitowa daga can itacen sifurus ne, dogo miƙaƙƙe mai ganye tsinke-tsinke, wanda asalinsa itacen sanyi ne na saman tsaunuka. Da yake yana saurin girma kuma yana kawo kuɗi, sai Jamusawa suka shuka shi sahu-sahu shi kaɗai, har a gangaren ƙasa inda ba mazauninsa ba.

To, saiwarsa ba ta nitsewa ƙasa sosai. Da aka jera fari da zafi a 2018, 2019 da 2020, ƙishi ya kama shi. Akwai wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai huda ɓawo ya yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Itacen da ya ƙoshi da ruwa yakan fitar da danƙo, kamar yadda ɗakwara ke fitar da ƙaro, ya nutsar da ƙwaron a bakin ramin. Mai ƙishi ba shi da wannan ƙarfin. Ga shi kuma zafi ya tsawaita, ƙwaron da ke hayayyafa sau ɗaya ko biyu a shekara ya koma yin har sau uku. Shi ne ke ɗauke da funfunar da ke rina katakon. Launi kawai take ɓatawa, ba ta cin ƙarfinsa.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. Daga farkon 2018 zuwa Afrilun 2021 Jamus ta yi asarar daji mai faɗin kusan hekta 500,000. A tsaunukan Harz, mafi yawan sifurus ɗin gandun gwamnati sun bushe a tsaye, toka-toka, ba ganye. Dole aka yi ta sarewa cikin gaggawa, katako ya cika kasuwa, farashi ya faɗi, aka yi ta lodinsa a kwantena zuwa Sin. Wannan abu yana taɓa mini zuciya, wallahi, domin itacen da aka jira shekara 80 ne ake karyar da shi.

Abin da ke tsirowa a gurbinsa daban ne. Itatuwa masu faɗin ganye irin su bic da ok suna hawa sama, sifurus yana ja da baya zuwa ƙololuwa. Wani bincike a tsaunukan Faransa da aka fitar a 2008 ya nuna tsirran daji suna matsawa sama da kusan mita 29 duk shekara goma. Masu gandun daji yanzu gauraya iri suke yi. Sai dai bic da ok katako ne masu tauri da nauyi, kuma ok yakan haura shekara 100 kafin ya isa sara. Ina ganin kai za ka riski lokacin da wannan farin mai laushi zai yi wuya a hannu.

Wanda ke gabanka dai, kada ka yi masa banish, shuɗin zai fito fili, mai kaya ya ce ka cuce shi. Sa shi a bayan kabad ko ƙasan gado. In fenti za ka yi, ka ninka shafin farko, domin wurin shuɗin ya fi shan ruwa. Ka shafe shi da maganin gara tukuna, gasawar nan ba ta hana garar ƙasarmu cinsa. Wanda ka ga an buga masa MB kuwa, hayaƙin guba aka yi masa, kada ka yi teburin abinci da shi, kada kuma ka bai wa mai shayi guntayensa ya hura wuta.