Batun "heautous" a 1 Yohanna 1:8

Ɗan'uwa, ka ce littafinka na nahawun Helenanci ya nuna heautous "kansu" ne, sai ga shi a 1 Yohanna 1:8 tare da aikatau na "mu", heautous planōmen, har kana zargin ko mai kwafi ne ya yi tuntuɓen alƙalami. Ba tuntuɓe ba ne. Ni ma a shekarata ta farko nan na maƙale, har na zagaye kalmar da jan biro.

Littafin naka Helenancin Atina yake koyarwa, na zamanin Aflatun. A can kowa da nasa: "kanmu" hēmas autous, "kanku" humas autous, "kansu" heautous. Kafin zamanin Sabon Alkawari, harshen kasuwa da tashar jiragen ruwa, wato Koine, ya riga ya taƙaita abin, heautous ya haɗiye sauran biyun. Don haka ayar cewa take "muna ruɗin kanmu". Duba Luka 17:3, prosechete heautois (wata siga ce ta heautous), "ku kula da kanku". Aikatau ne zai gaya maka ko su wa ake nufi. A tilo kuwa bambancin bai mutu ba, seauton, "kanka", na nan daram: "likita, warkar da kanka" a Luka 4:23.

Inda na fi shan wuya shi ne Kolosiyawa 3:13. Na taɓa fassara charizomenoi heautois a gaban aji da "kuna yafe wa kanku", malaminmu ya ɗago kai daga littafi ya ce, "To, kowa ya yafe wa kansa, ina wanda aka yi wa laifin?" Ashe "juna" ake nufi, ga ma allēlōn, ainihin kalmar "juna", a gefensa cikin ayar. Mu da ke raba "kai" da "juna" a Hausa, dole mu zaɓi ɗaya, Helenancin bai tilasta ba.

Saura guda, tunda za ka ci karo da shi. Hauton, gajeren heauton, "kansa", da auton, "shi", alamar numfashi da ke kan harafin farko, mai nuna ko akwai sautin "h", ita kaɗai ta raba su, tsofaffin kwafi irin Sinaiticus na ƙarni na 4 kuwa galibi ba sa sa alamar. Shi ya sa a Yohanna 2:24 bugun Sabon Alkawari na Helenanci na Westcott da Hort na 1881 ya sa hauton, bugun Nestle-Aland na yanzu ya sa auton. Duba wane bugu ne a hannunka kafin ka yi gardama da kowa a kan ayar.