Albumin ɗin Baba ya sauka: kwalba za mu saya ko ƙwai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya shekara guda ana yi masa wankin ƙoda. Gwajin watan jiya ya nuna albumin ɗinsa 2.9, likita ya ce ya yi ƙasa sosai. Wani ya ce mu sayi kwalbar albumin a ɗaura masa, wani kuma ya ce madarar gwangwani ta masu ciwon ƙoda ta fi. Tun farkon ciwon muka hana shi nama da ƙwai da wake. Abin hannunmu ba yawa. Wanne za mu saya? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka muku da alheri kan wannan ɗawainiya.

Zan fara da abin da kika faɗa a ƙarshe, domin shi ya fi tayar mini da hankali. Rage nama da ƙwai doka ce ta wanda ƙodarsa ta yi rauni amma ba a fara yi masa wanki ba. Ranar da aka ɗora mutum a kan inji, dokar ta juya. Injin ba datti kaɗai yake kwashewa ba, a kowane zama yana tafiya da wani ɓangare na sinadaran da jiki ke gina tsoka da su. Shi ya sa ƙa'idojin da Gidauniyar Ƙoda ta Amurka ta sabunta a 2020 suka ce mai wanki yana buƙatar furotin giram 1.0 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Idan Baba kilo 60 ne, giram 60 zuwa 72 ke nan. Gidaje da yawa ba a taɓa zaunar da su an yi musu wannan bayani ba, sai su ci gaba da ba marar lafiya kunu da farar shinkafa, yana ta ramewa suna ganin kulawa suke yi.

Albumin furotin ne da hanta ke haɗawa ta zuba cikin jini. Abin da ake so ga mai wanki shi ne ya kai 4.0, ko 40 idan ɗakin gwajin da ma'aunin lita yake rubutawa. Likitanku yana da gaskiya da ya damu. Tun a 1990 masu bincike biyu a Amurka, Lowrie da Lew, suka bi bayanan masu wankin ƙoda fiye da 12,000, suka ga cewa duk yadda albumin ya ƙara yin ƙasa da 4.0, haɗarin mutuwa na ƙara hawa. Rai a hannun Allah yake, amma wannan lamba ba abin yi wa riƙon sakainar kashi ba ce.

Sai dai lambar kamar jar fitilar da ke kamawa a gaban direba take: tana sanar da cewa akwai matsala a cikin injin motar, kuma kashe fitilar ba gyara ba ne. Abin da kwalbar albumin ke yi ke nan. Za a ɗaura, lambar ta ɗan ɗaga, bayan 'yan kwanaki ta koma inda take, kuɗi masu yawa sun tafi, tsokar Baba ko ɗigo ba ta ƙaru ba. Akwai lokacin da likita ke rubuta ta a asibiti don wata larura ta daban, wannan nasa ne. Amma ku je ku saya da kanku don magance rama, ban ba ki shawarar haka ba ko kaɗan.

Kuma ba yunwa kaɗai ke saukar da albumin ba. Idan ƙwayoyin cuta sun shiga jiki, hanta takan rage haɗa shi ko da mutum yana cin abinci. A wajen masu wanki, ƙofar da cutar ta fi shigowa ita ce bututun da ake saka wa a wuya ko a cinya. Ki duba wurin da idonki: ya yi ja? Yana fitar da ruwa ko mugunya? Baba yana rawar sanyi ko zazzaɓi da zarar an kunna inji? In haka ne, ku gaya wa likita a ranar, ku roƙa a yi gwajin CRP, wato gwajin jini da ke nuna alamar kumburi ko cuta a jiki, ku kuma tambaya ko lokaci ya yi da za a haɗa masa jijiya a hannu, wadda suke ce wa fistula, domin ta fi bututu aminci nesa ba kusa ba. Ruwan da ya taru a jiki ma yana sirka jini, lambar ta fito ƙasa. Ƙafa mai kumburi da albumin mai ƙasa sau da yawa tare suke tafiya.

To me za a saya? Ƙwai. Farin ƙwai ɗaya yana ɗauke da furotin kusan giram uku da rabi, kuma fosforas ɗinsa, wato sinadarin da ke taruwa a jinin mai ciwon ƙoda, kaɗan ne ƙwarai, domin a gwaiduwa ya taru. Fari huɗu da safe, tsokar kaza ko ɗanyen kifi dafaffe mai girman tafin hannu da rana, wanda ke ba da giram 20 zuwa sama, an riga an ci rabin tafiya. Kilishi, tsire mai yaji da dunƙule, da kifin gwangwani gishirinsu ya yi yawa, gishiri kuwa ƙishirwa yake jawowa. Wake da gyaɗa ba haramun ba ne gare shi, amma a auna su da sakamakon gwajin fosforas da fotasiyam ɗinsa (shi ma fotasiyam sinadari ne da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza), mai ba da shawarar abinci a asibitin ne zai faɗi gwargwado. Idan an rubuta masa maganin kama fosforas, tare da loma ake shan sa, ba bayan awa biyu ba.

Madarar gwangwani ta masu wanki, irin su Nepro, tana da amfani ga wanda cin abinci ya gagare shi, amma tana da tsada, kuma mai iya tauna ƙwai bai kai ga buƙatarta ba. Kada a musanya ta da madarar gari ko nono da yawa, fosforas da fotasiyam ɗinsu na da yawa.

Ku ba abin lokaci. Albumin yana ɗaukar kusan kwana 20 kafin rabinsa ya sabunta a jini, don haka maimaita gwaji bayan mako guda asarar kuɗi ce. Ku jira wata ɗaya zuwa biyu, a ɗauki jinin kafin a kunna inji, kuma a ɗakin gwaji ɗaya, domin hanyoyin aunawa sun bambanta.

Tambaya: Yayana ne ake wa wanki sau biyu a mako. Yanzu creatinine ɗinsa ya sauka sosai, kolestarol ma ya yi ƙasa. Muna ganin sauƙi ne ya samu, muna son mu mayar da wankin sau ɗaya, rarar kuɗin mu sayi wani maganin gargajiya da aka ce yana wanke ƙoda. Daga wani bawan Allah a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya sa sauƙin ne. Amma kada ku taɓa yawan zaman nan sai likita ya duba.

Creatinine datti ne da ke fitowa daga tsoka, ƙoda kuma ke tace shi daga jini. Ga mai lafiya, saukarsa albishir ce. Ga wanda ƙodarsa ta daina aiki, sau da yawa ma'anarsa tsokar ce ta zube, babu abin da zai samar da shi. Haka kolestarol: a cikin masu wanki an daɗe da lura cewa waɗanda nasu ya yi ƙasa ƙwarai, da masu rama, su ne suka fi shiga haɗari, saɓanin yadda abin yake ga sauran jama'a. Ka dubi yayanka da kyau. Gefen goshinsa ya lotsa? Ƙashin kafaɗa ya fito? Agogo ya koma yawo a hannu? Yana iya tashi daga tabarma ba tare da an kama shi ba? Waɗannan sun fi takardar gwaji saurin faɗin gaskiya.

Akwai masu ciwon ƙoda na farat ɗaya da ƙodarsu ke farfaɗowa, wannan gaskiya ne. Alamarsa fitsari ya ƙaru sosai, kuma likita ne zai tabbatar ta hanyar tara fitsarin yini guda da gwajin jini. Idan ba haka ba, ka sani asalin tsarin sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama. Sau biyun ma haƙuri ake yi saboda tsada, na kuma san nauyin da ke kanku. Idan aka koma sau ɗaya, datti zai taru a jini, tashin zuciya ya zo, abinci ya fita daga ransa, ramar ta ƙaru.

Maganin gargajiyan kuwa ku bar shi. Jiƙo da sassaƙe sukan zo da fotasiyam mai yawa, ga kofunan ruwan da ake sha da su, ga shi babu ƙodar da za ta fitar. Kuɗin ya tafi a kan zaman wanki da abinci.

Tambaya: Na ga wani gishiri a kanti an rubuta na masu hawan jini ne. In saya wa maigidana? Wankin ƙoda ake yi masa. Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: A'a, uwargida, kada ki saya, in kuma kin riga kin saya ki fitar da shi daga kicin yau. Yawancin irin wannan gishiri an rage masa sodiyam ne aka cike gurbin da fotasiyam. Idan fotasiyam ya hau a jinin mai wanki yana iya tsayar da zuciya ba tare da wani gargaɗi ba. Dalilin da ya sa ake taƙaita masa dabino, ayaba, lemon zaƙi, ruwan kwakwa da tumatirin gwangwani ke nan. Ki yi amfani da gishirinki na yau da kullum ɗan kaɗan, ki rage dunƙule, ki ƙara albasa, tafarnuwa da citta don ɗanɗano. Dankali da doya kuwa ki fere, ki yanka ƙanana, ki tafasa cikin ruwa mai yawa, ki zubar da ruwan kafin ki ƙarasa girkin.