Amsar Baffa a kan ɗorin gida da raunin 'yan wasa

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka, saƙonka ya iso ni, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce tun da samarin unguwa suka ɗora maka jagorancin ƙungiyarsu ta ƙwallo, duk yaron da ya ji ciwo a fili gidan maɗori iyayensa suke nufa da shi, kuma da ka ba da shawarar a riƙa fara zuwa asibiti sai aka ce boko ya sa ka raina gado. Har wani dattijo ya kafa maka hujja da 'yan dambe, wai su da suke shan naushi kullum ba a ganinsu a layin likita. Kana so ka san asalin wannan al'ada, da kuma ko wanda ya kauce mata ya yi laifi.

Ɗori sana'a ce ta gado, sahunta ɗaya da ƙira da wanzanci da jima. A da ba a wayar gari mutum ya ce shi maɗori ne. Yaro yakan tashi yana riƙe wa mahaifinsa ƙafar majinyaci, yana fere kara, yana kallon hannun tsohon shekara da shekaru kafin a yarda ya taɓa ƙashin mutum shi kaɗai. A garinmu akan shimfiɗa wa wanda ya karye tabarma a zaure, ƙarti biyu su riƙe shi, maɗori ya shafa man shanu, ya bi gaɓar da yatsunsa a hankali har ya gano inda ƙashi ya rabu, sannan ya yi bisimilla ya ja, ya mayar da bakin ƙashin kan ɗan'uwansa. Daga nan sai a naɗa tsumma, a jera karan dawa ko tsagin gora da aka saƙa kamar ƙaramin asabari, a ɗaure, a yi tofi. Ba a cinikin kuɗin aiki; goro ake bayarwa da abin sadaka, idan an warke a kawo abin da ya sawwaƙa. Ga mutumin da ya faɗo daga kan doki ko daga bishiyar ɗorawa a ƙauyen da mota ba ta zuwa, wannan gida shi ne asibitinsa, domin asibitin ƙashi na Dala da ke Kano sai a shekarar 1959 aka buɗe shi, kuma ko bayan buɗe shi ba kowa ke da halin isa can ba. Don haka kada ka yarda bakinka ya furta kalmar raini ga masu wannan sana'a. Abin da gwaninsu yake yi, wato ja da daidaitawa da hana gaɓa motsi, shi ne dai likita yake yi idan ya sa filasta, haɗuwar ƙashi kuwa aikin jiki ne da ikon Allah.

Akwai gidajen da ake karya ƙafar kaza a ɗora ta tare da ta majinyaci, a ce ranar da kaza ta taka, mai karaya ya kusa tashi. Ni a ganina wannan kwantar da hankali ne kawai, kuma idan aka mayar da shi ma'auni yana cutarwa, saboda ƙashin kaza yana haɗuwa da wuri, ƙashin ƙwaurin baligi kuwa yakan ɗauki wata uku zuwa huɗu, wani lokaci fiye da haka.

Inda aka rabu tsakanin zaure da asibiti shi ne wajen gani. Maɗori da yatsa yake lalube, likita kuwa hoton ƙashi yake ɗauka, kuma gani ya kori ji. Karayar da ta tsaya a tsakiyar ƙashi, ba ta goce sosai ba, sau da yawa takan haɗe lafiya ko a hannun wa take. Amma raunin 'yan ƙwallo a gaɓoɓi ya fi yawa, a idon sawu da gwiwa da gwiwar hannu, kuma karayar da ta shiga cikin gaɓa idan ta haɗe a karkace, ko da ɗan kaɗan ne, yaron zai rayu da ɗingishi ko da gaɓar da ba ta lanƙwasuwa. Yaranka da ba su gama girma ba suna da wani wuri mai taushi kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi, daga nan ƙashin yake ƙara tsawo. Idan aka murɗe wurin da ƙarfi ana neman gyara abin da aka ɗauka targaɗe ne, ƙafa ɗaya tana iya tasowa a gajarce ko a baƙace. Akwai kuma jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki, wadda takan tsinke idan ɗan wasa ya juya da sauri ƙafarsa tana kafe a ƙasa. Ita babu hannun da zai ƙulla ta daga waje, ko hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, kuma manyan 'yan wasan da aka yi wa tiyata a kanta sukan yi kusan wata tara kafin su koma fili.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne matse ɗauri. Gaɓar da ta karye kumbura take yi a kwanakin farko, idan kuwa an ɗaure ta tamau da kara da igiya, kumburin ba shi da wurin zuwa sai ya danne hanyoyin jini. Naman da jini bai isa gare shi ba cikin awoyi kaɗan yake fara mutuwa, ba kwanaki ba. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: azabar da take ƙaruwa maimakon ta lafa, musamman idan an miƙe yatsun, yatsu su yi sanyi, su yi fari fat ko su yi duhu, mutum ya ce yana jin kiyashi na yawo a ciki, daga baya ya daina jin komai, sai ƙuraje masu ruwa su fito a gefen ɗaurin. A daidai wannan lokaci ne akan ce wa yaro ya daure, wai ƙashi ne yake kamawa, kuma idan zafin ya ɗauke a yi hamdala, alhali ɗaukewar ita ce mummunan labari. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kuka da wannan, kuma yaran da suka karye a saman gwiwar hannu suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Daga nan ne maganar da kake ji ta samo asali, cewa asibiti yanke ƙafa ake yi. Mutane suna ganin wanda aka kai bayan mako biyu hannu ya yi baƙi yana wari, ya dawo babu hannu, sai su ɗora laifin a kan wuƙar likita, su manta da igiyar da ta riga ta gama aikin. Duk yaron da ka je dubawa ka tarar da waɗannan alamu, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.

Tsohon maɗorin garinmu, Allah ya jiƙansa, yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. Idan ƙashi ya huda fata ya fito, ko ciwon a wuya yake ko a gadon baya, yakan duba ya ce wannan ba nasa ba ne, a nemi mota. Kuma kowace safiya sai ya aika ɗansa ya taɓa yatsun majinyaci ya ji ɗuminsu. Wannan sanin iyaka yana cikin gadon, shi ne kuma ya fara ɓacewa da sana'ar ta zama ta allo a bakin titi da kuɗin kafin alƙalami. Saboda haka wanda ya ce a ɗauki hoto kafin a ja ƙafar yaro bai fita daga tafarkin magabata ba, kuma babu laifi a kansa.

A fili kuwa abin da ke kanka ba shi da yawa. Yaron da ya gurɗe idon sawu, idan ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko ya zabura da ka danna kan ƙashin, na hoto ne. Idan yana iya takawa, a ɗaga ƙafar, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti goma sha biyar zuwa ashirin, a maimaita bayan 'yan awoyi. Gashi da ruwan zafi da murza da man zafi, waɗanda iyayenmu mata suke gaggawar yi saboda tausayi, a dakata da su sai bayan kwana biyu ko uku, domin a farko kumburi suke ƙarawa. Kada a yi sakiya ko ƙaho a kan sabon kumburi da sunan fitar da mataccen jini. Rauni mai jini a wanke da ruwa mai tsabta a rufe, ba a zuba masa ƙasa ko toka, a kuma tabbatar an yi allurar tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora. Wanda ya faɗi yana kukan wuya, kada a ɗauke shi ranga-ranga.

Maganar 'yan dambe kuma, dattijon da ya kafa maka hujja da su rabin labarin ya ba ka. Dambe wasan mahauta ne tun asali, kuma da kaka ake yin sa, bayan an kai amfanin gona gida; idan damina ta kama kowa ya koma gona, jiki ya sami watanni yana hutawa. Ƙa'idojinsa ma suna da kariya a ciki: turmi uku ake yi, hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle da zare, kuma da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, ba a bin wanda ya faɗi da duka. Akayau ɗin ƙarfe da wasu suke ɗaurawa a ƙafa a da, an ajiye shi, ba wanda ya ce sun raina gado. Yanzu kuwa gidajen dambe a Kano da Dei-Dei ta Abuja da sauran birane kusan duk shekara suke ci, kuma wanda aka buge jiya har ya suma, aka kwara masa ruwa ya tashi, kiɗa da kuɗin liƙi suna iya mayar da shi fage yau. A damben zamani na 'yan koyo, wanda aka sumar dole ya huta aƙalla kwana 30. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar da ta girgiza tana bukatar lokaci, bugu na biyu kafin ta murmure yana iya kisa na gaskiya, yawan bugun kuma shi ke barin tsohon ɗan wasa da rawar hannu da nauyin baki da mantuwa. Wanda ke cewa ba a ganinsu a asibiti, a fage yake ganinsu lokacin ƙuruciya, bai bi su gida ba bayan ganga ta daina kiran sunansu.

Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin yaranka ma suna gwara kai wajen tsallen ƙwallo. Hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince tun daga watan Yulin 2024 gasa ta ba da damar ƙarin canji saboda wanda ya bugu a kai. Kai ba ka bukatar jiran wata hukuma: wanda ya ga jiri, ko ya rikice, ko ya yi amai, ko ya kasa faɗa maka da wa ake wasa, ya gama na ranar ko da ya rantse garau yake, kuma kada a bar shi shi kaɗai a daren. Haka wanda ya taɓa yanke jiki ya faɗi yana cikin gudu, ko yake kukan ƙirji, kada a tsaya ga cewa abokan hamayya ne suka yi jifa. Ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana wasa da Angola, zuciya ce ta tsaya. Nwankwo Kanu kuwa gwajin likitocin Inter Milan ne ya gano ciwon zuciyarsa a 1996, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana wasa. A yi addu'a, a kuma kai yaro a auna shi.

Dauriya abin yabo ce a wurinmu, amma ita ce ƙofar da taramol ya bi ya shiga filayen wasa. Ƙwayar ba ta gyara komai, zafin kawai take rufewa, sai yaro ya ci gaba da gudu a kan tsagaggen ƙashi har ya ƙarasa shi, ga kamu da farfaɗiya da take jawowa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta lokacin gasa daga farkon 2024. Tsagar da ake yi wa 'yan wasa a hannu ko a ƙafa a cusa magani, idan da aska ɗaya aka bi mutane da yawa, hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau.

Game da iyayen yara, kada ka tsaya jayayya da su a ƙofar gida ranar da ciwo ya faru, lokacin hankali a tashe yake kuma kowa ya girme ka. Ka ɗauki goro tun yanzu ka je ka gaida maɗorin unguwarku, ka zauna a ƙasa, ka roƙe shi duk yaron ƙungiya da aka kawo masa ya ce a fara kawo hoto. Idan daga bakinsa maganar ta fito, babu uban da zai musa. Ka sanar da mai unguwa da limami abin da kuka shirya, ku riƙa tara ɗan kuɗi a asusun ƙungiya kowane mako saboda hoto da mota, domin sau da yawa rashin kuɗin ne ake sakayawa da sunan al'ada. Kafin kowane wasa kuma a yi minti ashirin ana ɗumama jiki, a cike ramukan filin, a tsince duwatsu da kwalabe.

Ka gaida mahaifiyarka da kyau, ka ce ina nan tafe bayan salla in Allah ya yarda. Wassalam.

Baffanka.