Takardar likita daban, ta Hukumar Ƙidaya daban

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Maigidana ya rasu wata biyu da sunka wuce, bayan jinyar kwana tara a asibiti. Ya bar ni da yara huɗu, har yanzu ina cikin takaba. Ƙanensa ya kai takardar da likita ya rubuta muna banki don a ba mu abin da ke cikin asusunsa, sai sunka ce ba ita ba ce, ta gwamnati za a kawo. To shi asibitin ba na gwamnati ba ne? Mi ya kamata mu yi?
Daga wata uwar marayu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya raya abin da ya bari.

Ma'aikacin bankin ba wulaƙanta ku ya yi ba, bayani ne bai iya ba. Takardun biyu ne, mu kuma duk suna ɗaya muke kiransu da shi. Wadda ke hannunku shaidar likita ce cewa wane ya cika ranar kaza, ga kuma ciwon da ya zama ajalinsa. Wadda banki ke nema ita ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin tun 1992 doka ta ɗora wa wannan hukuma rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Najeriya. Kada ki yar da ta likitan, da ita ake karɓo ta hukumar.

Ba sai kin fita ba tunda kina takaba. Ƙanen marigayin ko babban ɗanku in ya kai hankali, ya isa. Hukumar na da masu rajista a ƙananan hukumomi, wasu kuma a manyan asibitoci suke zama, saboda haka ya fara tambaya a asibitin da aka yi rasuwar ko akwai teburinsu. In babu, ya nufi sakatariyar ƙaramar hukuma ko ofishin hukumar na jiha. Ya riƙe takardar likita, da katin shaidar ɗan ƙasa na marigayin, da nasa shi kansa. Tunda an ɗan jinkirta, kada ya yi mamaki in an ce ya je Babbar Kotu ya yi rantsuwa a rubuce. Duk kuɗin da aka ce ya biya, ya karɓi rasit. Masu tsayuwa bakin ƙofa suna cewa "kawo in yi maka sauri" ya gaishe su ya wuce, don takardar bogi ba ta da wuyar samu, ranar da banki ya aika a tantance ta ne ido ke raina fata.

Yanzu ga abin da ya sa na zaɓi wasiƙarki cikin tarin da ke gabana. Suna, 'yata. Ki kula da suna.

Mahaifinmu sunansa na yanka Usman, amma kin san Sakkwato, kusan duk Usman Shehu ne, kamar yadda Abubakar ke zama Garba. Ni kaina sai da na shiga firamare na san ba Shehu aka raɗa masa ba. Da ya rasu, ina zaune kan tabarma ina karɓar gaisuwa, sai na tura ƙanena ya yo mana takarda. Ya je ya cika fom da sunan da ya tashi yana ji a bakin kowa. Takarda ta fito da hatiminta tsaf, na sa ta cikin ambulan na ajiye a ƙasan akwati, ban ko duba ba. Sai bayan arba'in, a gaban wata ma'aikaciyar banki, ta ɗora takardar kusa da fom ɗin da Baba ya cika da hannunsa, ta sa bakin biro a kan Shehu, ta matsar da shi kan Usman, ta ɗago ta dube ni ba ta ce komai ba. Na ce mata ai mutum ɗaya ne, duk unguwarmu shaida ce. Ta ce ita ma ta yarda, kakanta ma haka ake kiransa, amma kwamfuta ba 'yar unguwarmu ba ce. Mako uku na yi ina hawa kabu-kabu cikin zafin bazara, daga kotu zuwa ofis, daga ofis zuwa banki, kafin a gyara abin da minti ɗaya ya ɓata. Har yau in na tsokani ƙanena sai ya ce, "To Yaya, wa ka taɓa jin ya ce mishi Usman?"

Don haka kafin ƙanen mijinki ya fita, ki ɗauko katin shaidar marigayin da wata takardarsa ta banki, a kwafe sunan harafi bayan harafi. Muhammad da Muhammadu da Mohammed a wurinmu ɗaya ne, a wurinsu mutum uku ne. Ranar rasuwa ma ta zo daidai da wadda likita ya rubuta, kuma a duba komai tun ana tsaye gaban mai rajista.

In ta fito, a yi mata hoto kamar goma, asalin ya zauna wurinki. Kada a kai ta a manne ta da leda, wasu ofisoshin ba sa son haka.

Kada kuma ki ɗauka da an kai ta za a ƙirgo kuɗi a miƙo. Banki zai nemi takardar kotu da ke ba wani izinin kula da dukiyar mamaci, wadda sashen gado na Babbar Kotu ke bayarwa, rabon kansa kuma kin san wurin alƙali ko malamai ake yinsa. Wanda marigayi ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ba shi ke nan ya gaje kuɗin ba, mutumin da za a tuntuɓa ne kawai. Na ga gidajen da wannan rashin fahimta ta raba. Katin cirar kuɗinsa kuma, ko kin san lambar, ki bar shi inda yake. Abin da ke ciki ya zama na magada, sai an biya bashi an fitar da wasiyya, sannan a raba, ke da tumuninki tunda akwai 'ya'ya. In ma'aikaci ne da ke cikin tsarin fansho na adashi, wannan takardar dai za su nema, kuma ki sa a tambayi wurin aikinsa batun inshorar rai, wadda dokar fansho ta 2014 ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara.

Ga masu karatu da nasu ya cika a gida, ba likita a kusa, galibi da wasiƙar mai unguwa ko hakimi da rantsuwar kotu ake zuwa. In hatsari ne, a haɗa da rahoton 'yan sanda.

TAMBAYA: Malam, yayana ya rasu a Houston ta Amurka, can aka yi masa sutura. Yana da gida da asusu nan Sakkwato. Hoton takardar mutuwarsa kawai aka turo min ta WhatsApp. Ya isa?
Daga wani ɗan kasuwa, Runjin Sambo.

AMSA: Allah Ya gafarta masa, Alhaji. Bai isa ba, kuma Hukumar Ƙidaya ba za ta ba ka ba, tunda ba a ƙasar nan aka yi rasuwar ba. A Amurka kowace jiha ke riƙe da rajistarta. Houston a jihar Texas take, babban ofishinsu na rajistar haihuwa da mutuwa yana Austin. Abin da kake buƙata shi ne kwafin da ofishin ya tabbatar, mai hatimi. Texas ba ta ba kowa wannan kwafi sai shekara 25 bayan rasuwa, in ban da dangi na jiki, wato mata ko miji, 'ya'ya, iyaye, kakanni da 'yan'uwan haihuwa. Kana ciki ke nan, amma ya fi sauƙi matarsa ko ɗansa da ke can su nema, ko ta hannun kamfanin da ya shirya jana'izar, don su ne ke shigar da takardun tun farko. Su karɓi kwafi uku ko huɗu lokaci guda. Kafin su aiko, ka je bankin da kotun nan ka ji ko suna son a bi da ita ta ofishin jakadancin Najeriya da ke Washington, ko ƙananan ofisoshinmu na Atlanta da New York, a buga mata tambari. In suna so, a gama wannan tun tana can.