Amsa ga 'yar uwar da ake cewa ita ta ja wa kanta ciwon suga

'Yar uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce tun da aka gano suga a jikinki dangin mijinki suke cewa kwaɗayi da ƙiba ne suka ja miki, har kina tunanin ki daina shan magani a gabansu. Don Allah kada ki bar magani ko na yini ɗaya saboda bakin wani.

Ni a gidan suna abin ya same ni. Na yi allurar insulin, maganin da ke sauke suga, da safe, abinci bai sauka da wuri ba, sai jikina ya fara rawa, gumi mai sanyi yana keto min, ina ganin mutane bibbiyu. Kun san yanayin nan, suga ya faɗi. Na roƙi wata yarinya ta kawo min lemo. Na kai kwalbar baki ke nan yayar mijina ta fizge, a gaban mata cike da tsakar gida, ta ɗaga murya ta ce, "Ku gane min! Mai suga ce take shan lemo. So kike ki kashe kanki ki bar wa ƙanena marayu." Lemon ya zube min a zani. Ina so in yi bayani, harshena ya yi nauyi, magana ta ƙi fita. Wasu na salati, wasu na cewa ai gaskiya ta faɗa. Wata tsohuwa da ban ma sani ba ce ta kwance bakin zaninta ta ciro alawa ta tura min a baki.

Har yau yayar mijin nawa ba ta ba ni haƙuri ba. Kuma abin da ya fi ci min rai, ita ɗin ce ta riƙa kawo min sha-ka-fashe ina amarya, wai na rame, za a ce ba a ba ni abinci a gidan ƙanenta. Daga baya likita ya gaya min irin ƙwayoyin nan ana samun wani magani mai suna dexamethasone a cikinsu, shi kuwa yana ɗaga suga. Ban ce shi kaɗai ba ne, mahaifina da gwaggona duk da ciwon suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Amma da ina siririya an zage ni, da na yi ƙiba an zage ni, da ciwo ya zo an ce ni na nema. Ina za mu sa kanmu?

Su je asibiti ranar ganin masu suga su ga ramammu nawa ne a layi. Akwai yara ƙanana da jikinsu ba ya samar da insulin, me suka ci? Akwai wadda ciki ne ya taso mata da shi.

Muna da namu aikin, ban musa ba. Tafiya a ƙasa, rage tuwon shinkafa, yawaita ganye da wake, awo a kan lokaci. Amma wannan tsakaninki da likitanki ne. Mai leƙa miki kwano, ya taɓa tambayarki nawa ake sayar da tsinken awon suga yanzu? Ya san yadda muke fama da ajiye insulin a gindin randa idan an ɗauke wuta?

Ki ja maigidanki ku je asibiti tare, ya ji da kunnensa. Nawa sai da ya ji daga bakin likita sannan ya fara tare min faɗa. Kada ki fita ba alawa a jaka. In awo ya nuna ƙasa da 70 mg/dL ki sha zaƙi nan take, ki sake awo bayan minti 15, ko waye yake kallo. Za su kawo miki garahuni da shuwaka su ce ki watsar da na asibiti, ki karɓa ki yi godiya, kada ki watsar. Ki riƙa duba ƙafafunki kullum da dare, har tsakanin yatsu, ki daina yawo ba takalmi ko a tsakar gida. Kuma kafin azumi ya kama ki je likita ya gyara miki lokutan magani, don a watan ne surutunsu yake ƙaruwa. Allah Ya ba mu lafiya, ƙanwata.