Tambayi Likita: toka, iskar Nyos da yaron da ƙasa ta danne

Tambaya: Likita ɗana yana karatu a Buea gindin Dutsen Kamaru, in Allah ya kiyaye dutsen ya yi aman wuta toka ta shiga masa ido ya zai yi? Hajiya daga Garwa.

Amsa: Hajiya kar ya murza, tokar dutse ba irin ta murhu ba ce, garin dutse ne mai kaifi da yake kankare ido. Ya yi ta zuba ruwa mai tsabta, ban da kwalli ban da nonon mai jego, in ciwon bai lafa ba ya je asibiti. Ya sa takunkumi N95, in yana da asma inhela ta zauna a aljihunsa.

Tambaya: Da gaske aljannun ruwa ne suka kashe mutane a tafkin Nyos? Wani makiyayi daga Wum.

Amsa: A'a Malam, iskar kabon dayoksaid ce. Ta taru a ƙasan tafkin, daren 21 ga Agusta 1986 ta taso gaba ɗaya ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi kusan 3,500. Ba ta da kala kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi yasa take bin kwari, don haka in ka ga shanu da tsuntsaye suna zubewa haka kawai ka nufi tudu. Daga 2001 aka fara sa bututun da ke rage ta. Wanda ya shaƙa ya suma kar a ɗura masa manja ko madara, huhu za su wuce, a kai shi asibiti.

Tambaya: Likita ƙanina yana haƙar yashi a gefen tsauni bayan an kwana ana ruwa, ƙasa ta zame ta danne masa cinyoyi kusan awa biyar. An ciro shi yana magana ba karaya, mai ɗori ya murza shi mun gasa da ruwan zafi yana shan diclofenac, amma tun jiya fitsarinsa kalar shayi kuma ɗan kaɗan. Wane jiƙo zai wanke masa ciki? Daga Bafusam.

Amsa: Ƙanwata ki ajiye wayar nan ki kai shi asibiti yanzu, in kin dawo kya karanta sauran. Wallahi irin wannan ce take hana ni barci, saboda mutane suna ganin tunda ya fito yana magana ba ƙashin da ya karye shikenan an tsira, ku da kuka ga abin da ya faru a unguwar Gouache ta Bafusam a Oktoba 2019 inda ƙasa ta ci mutum sama da 40 kun san haɗarin binnewa, amma na bayan tonowa ba kowa ya sani ba. Naman da nauyi ya danne na awanni mutuwa yake farawa, da an ɗage nauyin jini ya dawo sai ya kwashi abubuwan da suka zubo daga mataccen naman ya zagaya da su jiki. Ɗaya sunansa mayoglobin, shi ya rina fitsarin nan kuma shi yake toshe ƙoda. Ɗayan fotasiyam ne, in ya yi yawa zuciya tana iya tsayawa farat ɗaya mutum yana cikin hira.

To ku duba abin da kuka yi fa. Murza tana ƙara dagargaza naman, ruwan zafi ya ƙara kumburi, diclofenac kuwa ko lafiyayyar ƙoda yana iya wahalar da ita balle wadda take neman tsayawa, sannan kuma ana maganar jiƙo, haba jama'a! Ƙodar da ta kasa fitar da fitsari ina za ta kai jiƙo? A daina diclofenac ɗin tun yau, shi da ibuprofen, kar a ba shi ayaba ko ruwan kwakwa don suna da fotasiyam da yawa. Abin da yake buƙata ƙarin ruwa ne ta jijiya da gwajin jini da na zuciya, wataƙila har wankin ƙoda na ɗan lokaci, kuma da yawa ƙodarsu tana farfaɗowa in an zo da wuri. In cinyar ta yi tauri kamar itace ko ƙafar ta mutu ki faɗa musu tun a ƙofa, ki kuma faɗi awa nawa ya yi a ƙarƙashin ƙasar. Kar ku jira safiya, kar ku jira mai ɗori ya dawo.